Odar Kariya Daga Kotu: Gaggawa Ce Ta Fi, Ko Jin Ta Bakin Kowa?

A cikin takardun da kotu kan bayar akwai wata da yawancin mutanenmu ba su san da zamanta ba. Ba ta kashe aure, ba ta kai kowa gidan yari, ba ta raba dukiya. Iyakar aikinta ta ja wa mutum layi a ƙasa: kada ka sake ɗaga wa wance hannu, kada ka taka ƙofar gidan da take, kada ka tura wani ya yi maka aikin. Ita ce odar kariya, kuma iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda alƙali zai iya sa wa hannu nan take, tun wanda aka kai ƙara bai ma san an ambaci sunansa a kotu ba. Akwai kuma wadda aka saba kira ta dindindin, wadda ba ta fitowa sai an kira shi an ba shi damar faɗin nasa.

Duk inda lauyoyi da malamai da masu aikin sulhu suka zauna a kan wannan batu, sai kai ya rabu biyu. Wasu su ce wannan ce kaɗai dokar da ke isowa kafin a zubar da jini, sauran duk ihu ne bayan hari. Wasu su ce ƙofa ce aka buɗe ta hukunta mutum a bayan idonsa, a raba shi da gidansa da 'ya'yansa a kan maganar baki ɗaya. Kowane ɓangare na riƙe da gaskiyar da ba ta turuwa da hannu ɗaya, don haka ya kamata a saurare su dalla-dalla.

Yadda abin yake a doka

Jihar Legas ta yi dokarta ta kariya daga cin zarafi a cikin gida tun 2007. A matakin tarayya kuwa sai a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya bar mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. A Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, sai kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Bauchi a 2020, shekarar da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafi bayan abin da aka gani lokacin kullen korona. Daga nan yawancin jihohi suka bi sahu, kowace da gyare-gyarenta.

Daga sashe na 28 ne dokar ta tarayya ta shimfiɗa tsarin. Wanda ake cutarwa, mace ko namiji, zai shigar da buƙata tare da takardar rantsuwa. Idan ba zai iya ba, ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta ko jami'in jin daɗin jama'a na iya shigar masa da yardarsa, ba a kuma jiran yardar idan yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. Idan alƙali ya ga alamar gaskiya a fuskar maganar, cewa an yi cutarwar ko tana dab da faruwa, sai ya ba da odar wucin gadi ko da wanda ake ƙara ba ya nan. Za a kai masa takardar tare da ranar da zai zo ya faɗi dalilin da zai hana a tabbatar da ita. In ya zo, a saurari kowa, a duba inda hujja ta fi rinjaye. In ya ƙi zuwa bayan takarda ta isa hannunsa, a tabbatar da odar a bayansa. Kotu na iya hana shi shiga gidan ko wani sashe na gidan, ko zuwa wurin aikin mai ƙara, ko korarta daga ɗakinta. Tana iya sa a karɓe makami daga hannunsa, ta haɗa mai ƙara da ɗan sanda ya raka ta ta kwashe kayanta, ta kuma ɗora masa kuɗin buƙatun gaggawa. Tare da odar ake rubuta warantin kamu a ajiye, ranar da ya karya a ɗauko. Hukuncin karyawa tara ce da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Hujjar masu cewa a gaggauta

Masu goyon bayan odar wucin gadi sukan fara da tambayar da duk wanda ya san kotunanmu ya san amsarta: me ke faruwa tsakanin ranar kai ƙara da ranar zama? Mace ta yi ƙarfin hali ta je ta shigar da ƙara. Masinjan kotu ya yi sallama a ƙofar gida da la'asar, ya miƙa wa maigida sammaci a gaban abokan majalisarsa. Maigida ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce, “Babu komai, Allah ya kai mu.” Ranar zama sai nan da mako biyu. A daren nan kuwa, shi da ita rufin ɗaki ɗaya zai rufe su, ga shi ta tona masa asiri a bainar jama'a. Masu nazarin cin zarafin cikin gida a ƙasashe daban-daban sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ta yi yunƙurin fita ko kai ƙara yana cikin lokutan da rayuwarta ta fi shiga haɗari. Sammaci tsuransa, babu wata kariya tare da shi, tsokano fitina ne a bar mai rauni da ita.

Sukan ƙara da cewa kafin mace ta kai ga kotu ta riga ta ƙure haƙurinta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko tilastawa ko cin mutunci daga mazajensu, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Wadda ta tsallake kunya da surutun dangi da kuɗin mota ta iso gaban alƙali, da wuya a ce wasa ya kawo ta. Da mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, sai ga 'yan uwa da abokan aiki suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin cin zarafin da suka daɗe da sanin tana sha a gidan aurenta. Sanin bai yi mata amfani ba, domin babu wanda ya mayar da shi takardar da za ta tsaya tsakaninta da cutarwa.

Hujjarsu ta uku ita ce odar ta dace da abin da yawancin mata ke nema. Da yawansu ba ɗaurin uban 'ya'yansu suke so ba, ba kuma saki ba. So suke a daina dukansu. Shari'ar laifi tana buƙatar hujjar da babu kokwanto a cikinta, tana ɗaukar watanni ko shekaru, kuma in ta yi nasara mai ciyar da gida ne zai tafi kurkuku. Odar kariya ta buɗe hanya ta tsakiya: aure na nan, mutum na kasuwarsa, amma hannunsa a ɗaure yake.

Hujjar masu cewa a dakata

Ɗaya ɓangaren ma ba da wasa ya zo ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke abin da ya shafi haƙƙoƙinsa. Malamai kuma sukan tuna mana wasiyyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyadina Ali lokacin da ya tura shi alƙalanci Yaman, cewa kada ya yanke wa na farko hukunci sai ya ji ta bakin na biyu. Duk wanda ya taɓa zama raba gardamar ma'aurata ya san hikimar wannan. Ka ji ta bakin ɗaya, ranka ya ɓaci har ka yanke hukunci a zuci, sai ɗayan ya buɗe baki ka ga ashe rabin labari ka ji.

Sannan sukan ce a dubi irin gidajenmu. An tsara wannan oda ne a ƙasashen da gida yake nufin miji da mata da 'ya'yansu. A nan kuwa, gidan da za a hana mutum shiga wataƙila gidan gado ne. Tsohuwarsa na sashe ɗaya, uwargida da 'ya'yanta na wani, ƙannensa na ɗakunan zaure. Magidanci ya taso daga kasuwa da magariba, ledar cefane a hannu, ya tarar da ɗan sanda a ƙofa da takarda: ba ka shiga. Wa zai ba tsohuwa maganinta? Kwanan uwargida fa, ita da ba ta kai ƙarar kowa ba? Kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka, kuma ko da bayan mako biyu kotu ta wanke shi, sunan mai dukan mata ya riga ya bi shi masallaci da kasuwa. A garin da mutunci ne jarin mutum, wannan hukunci ne cikakke tun ba a yi shari'a ba.

Akwai kuma tsoron a mayar da odar makami. Inda ake rikicin riƙon 'ya'ya, ko rabon gida, ko kishi ya yi zafi, wanda ya riga zuwa kotu da takardar rantsuwa shi zai kori ɗan uwansa. Kuma ba mata kaɗai za su iya wannan ba. Namiji mai wayo da lauya na iya riga matar da yake cuta zuwa kotu, ya nuna yaƙushin da ta yi masa wajen kare kanta, ya karɓo oda a kanta. Dokar ta sa rantsuwar ƙarya cikin laifuka, amma kowa ya san yadda ake sayen takardar rantsuwa a harabar kotuna kamar ana sayen katin waya.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta ɗage shari'a. A takarda, odar wucin gadi ta kwanaki ce. A aikace, yau alƙali ya tafi taro, gobe lauya bai zo ba, jibi ma'aikatan kotu na yajin aiki, kamar wanda aka yi na kusan wata biyu a 2021. Haka abin da aka bayar na ɗan lokaci, ba tare da jin ɓangare ɗaya ba, zai zarce watanni. Shugabannin shari'a a Najeriya sun sha gargaɗin alƙalai a kan yawan ba da oda a bayan idon wanda ake ƙara a shari'o'in siyasa da na kasuwanci. Masu wannan ra'ayi na tambaya: cutar da ta addabi manyan shari'o'i, me zai hana ta shiga ɗakin aure?

Abin da fikihu da al'ada suka riga suka sani

Akwai masu ɗaukar wannan oda a matsayin baƙon abu da aka ɗauko daga Turai. Sunanta da tsarinta na takarda baƙi ne, wannan gaskiya ne. Amma tunanin da ke ƙarƙashinta tsoho ne a wurinmu. Ƙa'ida ce sananniya a fikihu cewa cuta gusar da ita ake yi. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim ke gaban alƙalanmu har yau, sun bambanta hukunci da matakin tsare haƙƙi kafin hukunci. Sun yarda a dakatar da dukiyar da ake jayayya a kanta har a gama bincike. Sun yarda a shiga tsakanin miji da mata na ɗan lokaci idan an kawo shaidar da ba ta cika ba a kan saki, har a tabbatar. Idan mace ta yi ta kukan cutarwa ba ta da shaida, sun ce alƙali ya zaunar da su a tsakanin mutanen kirki da za su sa ido, in abin ya ƙi a tura masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Sun kuma yarda cewa cutarwa na tabbata da labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta, domin sun san ba a gayyatar shaidu in za a yi duka. Wasiyyar da aka yi wa Sayyadina Ali a kan yanke hukunci take. Raba masu faɗa kafin a zaunar da su wani abu ne daban.

Al'ada ma tana da nata. Yaji kariya ce ta wucin gadi da mace ke ba kanta, biko kuma zaman sauraro ne. Sai dai a dubi yadda bikon kan kasance. Kawun miji da amininsa sun zo, an shimfiɗa musu tabarma a zaure. Kawu ya ce, “Alhaji, yaron nan ya yi kuskure, mun yi masa faɗa, a yi haƙuri.” Uba ya leƙa cikin gida ya ce, “Ke, ɗauko mayafinki ki bi su. Zo mu zauna, zo mu saɓa.” Uwa ta raka ta bakin ƙofa tana cewa, “Ki yi ta haƙuri, 'yar nan, haka muka yi.” Ba a rubuta komai ba, ba a gindaya sharaɗi ba, ba a faɗi abin da zai biyo baya in ya sake ba. Sau da yawa wannan ya wadatar, domin kunyar surukai na tsare mai kunya. Amma wanda ya karya alkawarin biko sau uku ya gane cewa babu abin da zai same shi a na huɗu. Ga kuma matar da aka kai aure Abuja ko Fatakwal, gidan ubanta na nesa da tafiyar yini guda, ko marainiyar da ba ta da zauren da za a zo biko. Irin waɗannan ne odar kotu ta zo dominsu.

Ta dindindin: kariya mai ɗorewa ko igiya marar iyaka?

A kan oda ta biyu gardamar ta sauya salo, domin an riga an saurari kowa. Abin tambaya shi ne tsawonta. Ƙasashe sun rabu a nan. A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin dokarsu ta 1998, oda ta ƙarshe na nan daram har sai kotu ta soke ta. A Gana kuwa, inda Hausawan zango ke zaune ƙarƙashin dokar 2007, odar wucin gadi ba ta wuce wata uku, ta ƙarshe kuma ba ta wuce wata goma sha biyu a karon farko, sai dai a sabunta ta in da dalili.

Masu son oda mai tsawo suna da hujja daga bincike. A 2002 wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga nazarin da aka yi a birnin Siyatil a kan mata fiye da 2,600 da 'yan sanda suka rubuta rahoton cin zarafinsu. An gano cewa waɗanda suka samu oda ta ƙarshe, rahoton sake dukansu a cikin shekara ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da marasa oda. Masu odar wucin gadi kaɗai kuwa ba a ga irin wannan raguwa a wurinsu ba, har ma an fi samun rahoton tsangwama da barazana a kansu. Dole a karanta wannan da hankali, domin matar da ta jure har ƙarshen shari'a wataƙila dama ta fi samun masu tsaya mata, kuma Siyatil ba Gusau ba ce. Duk da haka darasin a fili yake: tsayawa a rabin hanya ya fi komai haɗari. Sukan kuma ce duk ranar da oda ta ƙare rana ce da mai cutarwa ke jira, kuma tilasta wa mace komawa kotu kowace shekara tana maimaita labarin abin kunyarta, da kuɗin mota da na lauya, wata azaba ce.

Masu adawa sukan amsa cewa a ƙasar da yawancin masu neman odar matan aure ne da igiya a kansu, oda marar wa'adi na iya barin mace a rataye, ba ita ga aure ba, ba ita ga zawarci ba, halin da Alƙur'ani da kansa ya yi hani a jefa mace a ciki. Miji ya ce tunda kotu ta hana shi zuwa, shi ma ya ɗauke hannunsa daga ci da sha, ya je ya yi sabon aure. Ita kuwa ba ta da takardar saki balle ta yi idda. Sannan mutane na sauyawa. Wanda shaye-shaye ko taɓin hankali ya sa shi duka na iya samun magani. Ma'aurata kan shirya ba tare da sun koma kotu ba, sai ga miji kwance a ɗakinsa alhali a takarda mai laifi ne, warantin kamu na jiran ranar da za a sake saɓawa a kan kuɗin cefane. Kuma oda ce da aka bayar bisa rinjayen hujja kawai, amma karya ta na kai mutum kurkuku. Abin da ke da irin wannan nauyi, in ji su, bai kamata a bar shi babu ranar waiwaya ba.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu

Akwai abin da duk mai gaskiya a cikinsu ya yarda da shi: takarda ba ta tare mari. A 1999, a garin Kasil Rok na jihar Kolorado a Amurka, Jessica Gonzales na riƙe da odar kotu a kan mijinta da suka rabu. Ya kwashe 'ya'yansu mata uku. Ta yi ta kiran 'yan sanda tun da yamma har tsakar dare, suna ce mata ta jira. Kafin asuba ya zo ofishinsu da kansa yana harbi, suka harbe shi, aka tarar da gawarwakin yaran a motarsa. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ta haƙƙin tilasta wa 'yan sanda aiwatar da odar ba. Idan haka ta faru a inda ake da motoci da waya da ma'aikata, sai mu tambayi kanmu abin da zai faru a caji ofis ɗin da za a ce wa mace, “Hajiya, wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta,” ko a nemi ta sa wa mota mai.

Ga kuma karo tsakanin dokoki. Sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa bai ɗauki dukan da miji ya yi wa matarsa da sunan ladabtarwa a matsayin laifi ba, muddin al'adarsu ta yarda kuma bai kai ga mummunan rauni ba. Ɗan sandan da aka horar a kan wannan, da wuya ya ɗauki odar kariya da muhimmanci. Ga nisan kotu: dokar tarayya Babbar Kotun Abuja ta ba wannan iko, alhali talaka kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci ya sani. Ga ƙarancin gidajen fakewa, ga tambayar da ke mayar da mata da yawa ɗakin da suka gudo daga ciki: me yara za su ci gobe?

Inda na tsaya

Alƙali mutum ne, zai yi kuskure ta kowace fuska. Don haka abin aunawa shi ne wane kuskure ne ake iya gyarawa. Idan aka ba da odar wucin gadi a kan marar laifi, ya yi kwanaki a gidan ɗan uwansa, ransa ya ɓaci, sunansa ya taɓu. Wannan cuta ce ta gaske, ban raina ta ba, amma ana iya wanke shi a gaban jama'a, a hukunta wanda ya yi masa ƙarya. Idan aka hana oda ga mai gaskiya, abin da zai biyo baya na iya zama karyayyen ƙashi, ko ɓarin ciki, ko makara. Wannan babu kotun da ke gyara shi. Saboda haka a matakin farko ina tare da masu gaggawa: a ba da odar a ranar da aka nema, kyauta, a kotun da ta fi kusa, har da kotunan shari'ar Musulunci da na majistare.

Amma gaggawar tana da farashi, kuma masu cewa a dakata ne suka faɗe shi daidai. Odar da aka bayar a bayan idon mutum dole ta zama gajeriya, da ranar zama rubuce a jikinta, kuma irin wannan zama ya riga sauran shari'o'i. In ranar ta zo ba a zauna ba, kada odar ta zarce da kanta, sai alƙali ya sake dubawa ya rubuta dalili. Dole kuma ta zama daidai girman haɗarin. Hana duka da barazana da kora daga ɗaki ba ya tauye wa kowa haƙƙi, domin dama babu mai haƙƙin yin su, don haka a ba da wannan cikin sauƙi. Fitar da mutum daga gidansa kuwa a ajiye shi sai inda aka ga makami, ko shaƙe wuya, ko rauni, ko barazanar kisa, kuma a gidan haɗaka a fara duba hana shi sashenta kaɗai. Wanda aka kama da rantsuwar ƙarya, mace ko namiji, a hukunta shi a fili, domin kowace ƙarya ɗaya tana rufe wa masu gaskiya goma ƙofa.

A kan oda ta ƙarshe, tsarin Gana ya fi kama da abin da zai yi mana aiki: wa'adi sananne, da sabuntawa cikin sauƙi ba tare da an sa mace ta faro shari'a daga tushe ba, da damar tsawaitawa sosai ga wanda ya taɓa karya oda ko ya yi mummunan rauni. Kowace oda ta fito da maganar ciyarwa da muhalli da ganin 'ya'ya a rubuce. Idan wa'adi ya cika cutarwa ba ta gushe ba, a buɗe wa mace hanyar raba auren saboda cuta, wadda Malikiyya suka tanada tun ƙarnoni, kada a bar ta a rataye. Sulhu kuma a yi shi, da waliyyai da mai unguwa da Hisba inda take, amma a ƙarƙashin inuwar odar, ba a madadinta ba. Mai sulhun da ya ce sai an janye takarda kafin a zauna ya riga ya zaɓi ɓangare.

Yau abin da muke da shi ya juya wannan tsari kai ƙasa: matakin da ya kamata ya yi sauri shi ke jan ƙafa, wanda ya kamata ya ƙare da wuri shi ke zarcewa. Gyaran na hannun majalisun jihohi da manyan alƙalai da kwamishinonin 'yan sanda, kuma yawancinsa bai fi ƙarfin ƙa'idar aiki da horar da ma'aikata ba. Sauran na hannunmu. Uban da 'yarsa ta zo masa da kumburarren ido karo na uku ya sani cewa raka ta kotu neman oda bai kashe mata aure ba, kuma ya fi masa sauƙi a kan ranar da za a aiko masa ya zo asibiti. Magidancin da aka kawo wa takarda, in yana da gaskiya, ya je ranar zama ya faɗe ta, domin doka ta ajiye masa wannan rana, kuma haƙƙinsa ne ya nemi kada a ɗage ta.